Fashin baƙi: me ya sa bai kamata Kirista ya tsallake littattafan annabci ba?

'Yan'uwa a cikin Almasihu, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke karatun Littafi Mai Tsarki a ikilisiyoyinmu na nan arewa. Ka ɗauki Baibul ɗin mai bi da ya daɗe a hannunsa ka duba gefen takardun, za ka ga Zabura ta yi baƙi saboda yawan buɗewa, Karin Magana haka, Matiyu da Yahaya har sun fara yagewa, amma daga Ishaya zuwa Malakai fes kamar yau aka sayo shi a kantin littattafai, Wahayin Yahaya kuwa wasu ko kusa da shi ba sa zuwa, wai yana ba su tsoro, wai yana sa mugun mafarki. To ka lissafa mana. A cikin littattafai 39 na Tsohon Alkawari, 17 na annabawa ne idan ka haɗa da Makoki, ga Wahayi a Sabon Alkawari, ga Matiyu 24 da 25, ga Markus 13, ga Luka 21, ga wasiƙu biyu na Tasalonikawa, ga Bitrus ta biyu. Wato babban kaso na maganar Allah ne muka ajiye gefe muka ce wannan sai fastoci da 'yan makarantar tauhidi, alhali tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu wanda zai ce Turanci ne ya hana shi.

Kuma na san dalilin da ya sa mutane da yawa suke gudu, ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. An ɓata wa annabci suna. Duk daren 31 ga Disamba sai a cika mana waya da bidiyon masu cewa Allah ya nuna musu wanda zai mutu a sabuwar shekara da wanda zai ci zaɓe, wannan ya ce ɗan takara kaza Allah ya zaɓa, wancan ya ce a'a ɗan takara kaza ne, dukansu kuma da sunan Ruhu ɗaya suke magana. Mai hankali ya ga haka sai ya ce ni dai ku bar ni da Zabura ta 23, ba ruwana da zancen annabci. Amma nan ne kuskuren yake, domin barin da muka yi wa littattafan nan shi ne ya ba maƙaryata fili. Inda ba a koyar da Daniyel a coci, a WhatsApp za a koya wa yaranmu shi, kuma wanda zai koya musu ba ya ƙaunarsu.

Bari in nuna abin da rashin sanin nan yake jawowa, don kada wani ya ɗauka gardamar malamai ce kawai. A Amurka mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun yi lissafi da kwana 2,300 na Daniyel 8:14 suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Yesu, wasu suka bar amfanin gonarsu bai girbu ba, ranar ta zo ta wuce. A 2011 Harold Camping mai gidan rediyo a Kalifoniya ya sa 21 ga Mayu, mutane suka kashe ajiyarsu wajen buga allunan talla, da abin bai faru ba ya mayar da ita 21 ga Oktoba, ita ma ta wuce. Waɗannan dai dukiya da mutunci aka rasa. A nahiyarmu rayuka aka rasa. A Kanungu ta ƙasar Uganda wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999, da ba ta ƙare ba mabiya suka fara tambayar kayansu da suka sayar suka miƙa kuɗin, ranar 17 ga Maris 2000 aka kulle mutane a ɗakin sujada aka cinna wuta, da aka haɗa da gawarwakin da aka tono daga baya mutum sama da 700 ne suka mutu. A dajin Shakahola na Kenya a 2023 an tono gawa sama da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, da yara a ciki. Nan gida Najeriya ma, a watan Yuli 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77 daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata majami'a a garin Ondo, har da yaran da aka cire daga makaranta, suna zaune suna jiran fyaucewa, wato ranar da za a ɗauke masu bi zuwa sama.

Abin da ke ƙona min rai shi ne aya guda ɗaya tak ta isa ta ceci dukan mutanen nan. Matiyu 24:36, inda Ubangiji da bakinsa ya ce wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. Ya sake nanatawa a Ayyukan Manzanni 1:7 cewa sanin lokatai da zamanai ba na almajirai ba ne. Kuma a ina ayar farko take? A tsakiyar babin annabci, wanda muke tsallakewa. Babin ma da gargaɗi ya fara, almajirai sun tambaye shi alamu, kafin ya ambaci yaƙi ko yunwa ko girgizar ƙasa sai da ya ce ku kula kada kowa ya ruɗe ku. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda bai taɓa karanta Matiyu 24 da idonsa ba shi ne ake ja zuwa daji.

Yanzu mu zo kan shi annabcin kansa, domin da yawa mun ɗauka annabi shi ne mai faɗin abin da zai faru gobe, shi ke nan. Idan ka zauna ka karanta annabawa daga farko zuwa ƙarshe za ka sha mamaki, yawancin maganarsu a kan zamaninsu take, a kan kasuwa da kotu da fada da ɗakin sujada. Ka ɗauki Amos, makiyayi ne daga ƙauyen Tekowa, ba ɗan gidan annabawa ba. A babi na 8 yana magana da 'yan kasuwar da suka ƙagu Asabar ta wuce su buɗe rumfa, su rage mudu, su ƙara farashi, su yi algus a ma'auni, har da share ƙaiƙayin alkama su haɗa su sayar. Wane ne a cikinmu bai san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki ba, ko buhun masarar da aka zuba mai kyau a sama aka ɓoye mai ƙwari a ƙasa? A babi na 2 ya ce ana sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Mika ya yi kuka da masu kwana suna ƙulla yadda za su ƙwace gonar mutum, gari na wayewa su aikata saboda suna da iko. Ishaya 5:8 ya ce kaiton masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba sauran wuri ga kowa. Wannan duk annabci ne, kuma ikilisiyar da ba ta karanta shi za ta iya cika da waƙa da rawa ranar Lahadi, dattijonta kuma yana danne gonar gwauruwa ranar Litinin ba tare da zuciyarsa ta buga ba.

Su annabawan nan kuma su ne suka fi kowa tona asirin annabawan ƙarya. Mika 3:5 ya kwatanta su sarai, ya ce idan ka ba su abin da za su tauna sai su yi maka shelar salama, wanda bai sa musu komai a baki ba sai su ɗaura masa yaƙi. A aya ta 11 ya ce shugabanni suna shari'a don cin hanci, firistoci suna koyarwa don lada, annabawa suna duba don kuɗi, sannan su jingina ga Ubangiji su ce ai yana tare da mu. Sama da shekara 2,700 ke nan da faɗin wannan magana. Wanda ya san ta, idan aka ce masa ya turo kuɗin shuka iri kafin a faɗa masa abin da Allah ya nuna a kansa, ba ya bukatar kowa ya gaya masa da wa yake magana.

Musa ya riga ya ba da ma'auni biyu. Na farko a Maimaitawar Shari'a 18:22, idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada ku ji tsoronsa. Na biyu a babi na 13, ko da alamar da ya faɗa ta cika, idan yana jan ku zuwa ga wani allah dabam kada ku saurare shi. Mu kuwa yau mutum zai faɗi abu a gaban kyamara, abin ya ƙi faruwa, ya dawo ya ce ai addu'a ce ta canza shi, wata shekara mu sake cika masa benci. Bulus bai ce mu raina annabci ba, a 1 Tasalonikawa 5:20 da 21 cewa ya yi kada a raina shi, amma a gwada kome a riƙe mai kyau. Da me za ka gwada idan ba ka san na ainihin ba?

Akwai labari ɗaya da nake so kowa ya karanta a hankali, Irmiya 28 da 29. Nebukadnezzar sarkin Babila ya riga ya kwashi kashin farko na mutanen Yahuza zuwa Babila tare da kayan Haikali. Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alamar cewa bautar nan za ta daɗe. Sai wani annabi Hananiya ya tashi a Haikali a gaban firistoci da jama'a ya ce in ji Ubangiji, cikin shekara biyu za a dawo da kayan da mutanen duka, har ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Ka duba amsar Irmiya, cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka, domin shi ma yana son mutanensa su dawo, ba mugu ba ne. Amma daga baya Allah ya aike shi ya ce wa Hananiya ka karya karkiyar itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya, bana za ka mutu. A wata na biyar aka yi maganar, a wata na bakwai ya mutu. Sai Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta wasiƙa ya ce ku gina gidaje, ku shuka lambuna, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku ku yi masa addu'a, domin shekara 70 za ku yi. A cikin wasiƙar nan ne ayar da muke liƙawa a bayan mota da katin biki take, 29:11, na san shirin da nake da shi dominku, na alheri ne ba na masifa ba. An faɗa wa mutanen da yawancinsu a baƙuwar ƙasa za a binne su. Idan ka san haka ayar ba ta rage daɗi, nauyi take ƙarawa, domin tana nufin alkawarin Allah yana tsaye ko da bai cika a kwanakinka ba, kuma wannan ita ce irin bangaskiyar da mai zaman gudun hijira yake bukata, ba ta shekara biyu ta Hananiya ba.

Urushalima ta faɗi wajen 586 kafin haihuwar Almasihu, Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, ya ba Yahudawa izinin komawa kamar yadda Ezra 1 ya faɗa. Ana gab da haka, Daniyel 9:2 ya nuna mana Daniyel, tsoho, babban ma'aikacin gwamnati, shi kansa annabi mai ganin wahayi, yana zaune yana nazarin littafin Irmiya har ya gane shekarun sun kusa cika. Idan Daniyel ya bukaci karanta annabci, ni da kai fa? Kuma da ya gane bai fita yana shela yana tara mabiya ba, azumi ya shiga da tsummoki da toka yana furta zunubinsa da na jama'arsa.

Amma babban dalilin da ya fi duka, annabci shi ne yake nuna mana Yesu. A hanyar Imuwasu, ranar da ya tashi daga matattu, ya tarar da almajirai biyu suna tafe da baƙin ciki, bai fara nuna musu tabon ƙusa ba, tsawata musu ya yi a kan nauyin zuciyarsu wajen gaskata abin da annabawa suka faɗa, sannan ya fara daga Musa da dukan annabawa yana bayyana musu abin da aka rubuta a kansa. Mika 5:2 ya ambaci Baitalami, har malaman da Hirudus ya tambaya ba su yi wata-wata ba suka kawo ayar. Zakariya 9:9 ya ga sarki mai tawali'u a kan jaki. Zabura 22 ta yi maganar raba tufafi da jefa kuri'a a kan riga. Ishaya 53 kuwa ya zana bawan da aka soke saboda laifofinmu, aka kai shi kamar ɗan rago wurin yanka bai buɗe baki ba. Wani zai ce ai Kirista ne suka gyara rubutun daga baya ya dace da labarinsu. To a 1947 makiyaya Larabawa suka tsinci tuluna a wani kogo a Kumran kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da naɗaɗɗen littafin Ishaya kusan cikakke, masana suka auna shekarunsa suka ce an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin a haifi Yesu, babi na 53 yana ciki, yau yana ajiye a gidan tarihi a Urushalima. Malaman Yahudawa da yawa suna fassara bawan nan a matsayin al'ummar Isra'ila, wannan gardamar fassara ce kuma sai ka san nassin kafin ka shiga cikinta, amma batun cewa an ƙirƙiro rubutun bayan gicciye ya mutu. Wannan babin ne kuma mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya, yake karantawa a cikin karusarsa a Ayyukan Manzanni 8 lokacin da Filibus ya same shi, ya tambaya wa annabin yake nufi, daga nan aka yi masa bishara har baftisma. Ɗan Afirka, kuma ta ƙofar annabci ya shigo.

Shi Yesu ma ya yi annabcin da tarihi ya riga ya tabbatar. Almajirai suna yaba duwatsun Haikali, ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa, ya kuma ce a Luka 21:20 da 21 idan kun ga sojoji sun kewaye Urushalima waɗanda ke Yahudiya su gudu kan duwatsu. Tawaye ya ɓarke a shekara ta 66, a shekara ta 70 Titus ya zo da rundunar Roma ya rushe birnin ya ƙone Haikali, har yau akwai ƙofar nasara a birnin Roma da aka sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin Haikali a jikinta. Yusibiyus, mai rubuta tarihin ikilisiya a ƙarni na 4, ya ce masu bi na Urushalima sun bar birnin kafin halakar suka koma wani gari Fella a hayin Urdun.

To ina wahalar take? Wahala ɗaya ita ce annabawa sukan ga abubuwa biyu masu nisa da juna su faɗe su a numfashi ɗaya. Kamar mai tafiya ne a hanyar Bauchi zuwa Jos, ya hango duwatsu daga nesa kamar a manne suke, sai ya iso ya tarar akwai tafiya mai tsawo tsakaninsu. A majami'ar Nazarat an ba Yesu littafin Ishaya ya karanta babi na 61, ya kai wurin shekarar alherin Ubangiji ya tsaya ya naɗe littafin ya ce yau wannan ya cika, alhali jimlar ta ci gaba da ranar ɗaukar fansa ta Allahnmu, bai karanta wannan ba domin lokacinta bai yi ba. Zuwansa na farko da na biyu suna cikin aya ɗaya. Wahala ta biyu ita ce harshen alama, dabbobi masu ƙahoni, taurari masu faɗuwa, lambobi. Yawancin alamun Wahayi daga Daniyel da Ezekiyel da Zakariya da Fitowa aka ɗauko su, saboda haka wanda ya tsallake Tsohon Alkawari ya faɗa Wahayi kai tsaye dole ya cike gurbin da labaran rediyo da na Facebook.

Nan ne zancen 666 yake shigowa, wato lambar dabbar da Wahayi 13 ya ce ba mai saye ko sayarwa sai da alamarta. Mun ji an ce lambar BVN ce, an ce NIN ce, lokacin korona an ce allurar rigakafi ce da 5G, da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023 aka ce ga shi nan ba saye ba sayarwa sai da alama. Tsofaffi sun tsorata, wasu sun ƙi yin rajistar da za ta ba su haƙƙinsu. Amma ka buɗe Wahayi 13 da 14 ka karanta da kanka, alamar a haɗe take da yi wa dabbar sujada, ba abu ne da za a ɗora maka a layin banki ba tare da saninka ba, zaɓi ne na wanda za ka bauta wa. Goshi da hannu kuma sun tuna mana Maimaitawar Shari'a 6:8, inda aka ce a ɗaura maganar Allah a hannu da goshi, wato tunani da aiki. Masana da yawa suna ganin lambar ta dace da sunan Kaisar Nero idan aka rubuta shi da haruffan Ibrananci, wasu tsofaffin kwafi ma 616 suka rubuta, wasu masanan kuma suna ganin cikarta ta ƙarshe tana gaba. Tun wajen shekara ta 180 Ireniyus, wani shugaban ikilisiya a ƙasar da take Faransa yau, ya gargaɗi masu bi cewa ya fi aminci a jira cikar annabcin da a yi ta cankar sunaye, domin sunaye da yawa za su iya ba da lambar. Gargaɗin nan har yau ba mu ji shi ba.

Shi Wahayi ba don tsoratarwa aka rubuta shi ba. Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa saboda maganar Allah, ya rubuta wa ikilisiyoyi bakwai a yammacin ƙasar da muke kira Turkiyya yau, mutane ne da ake matsa wa su yi wa Kaisar sujada, a Birgamas har an riga an kashe wani mai suna Antibas, ikilisiyar Simirna kuma an ce mata za a jefa wasunku kurkuku, ku yi aminci har mutuwa. Littafin ya buɗe da albarka ga mai karantawa da masu ji da masu kiyayewa, a 1:3. Idan akwai masu bi da ya kamata su riƙe littafin nan da hannu biyu, mu ne. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Borno da Adamawa sun ga an ƙone majami'unsu, a 2014 har hedikwatarsu ta Kwarhi sai da suka bari suka gudu, yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilun shekarar 'ya'yansu ne. A kudancin Kaduna da Filato da Binuwai an yi jana'izar mutane da yawa a rami ɗaya. Me za ka karanta wa uwar da ta binne 'ya'yanta? Wahayi 6:10 ya ba ta bakin yin kuka, rayukan da aka kashe suna kira har yaushe ya Ubangiji, Habakuk ma da wannan tambayar ya buɗe littafinsa, kuma Allah bai tsawata musu don sun tambaya ba. Littafin ya ce akwai kursiyi, akwai shari'a, ba jinin da zai tafi a banza, saboda haka ramuwa ba a hannunmu take ba, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga matasanmu da zuciyarsu ke tafasa. A 21:4 ya ce za a share kowane hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. Bulus ma da ya yi bayanin dawowar Ubangiji a 1 Tasalonikawa 4, masu makoki yake rubuta wa, ya rufe da cewa ku ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi.

Game da tsarin abubuwan ƙarshe, gaskiya masu bi na ƙwarai sun sha bamban. Shekara 1,000 ta Wahayi 20, wasu sun ce Almasihu zai dawo tukuna ya yi mulkinta a duniya, wasu kamar Agustin na Hippo, wanda garinsa yake Aljeriya ta yau, sun ce alama ce ta zamanin ikilisiya da muke ciki, wasu kuma sun ce bishara za ta mamaye duniya sannan ya dawo. Koyarwar cewa za a fyauce ikilisiya kafin babban tsanani, wadda da yawa a cikinmu muka taso da ita, John Nelson Darby ne ya tsara ta ya yaɗa a ƙarni na 19. Ni dai ra'ayina, a koyar da su duka a fili, kowa ya riƙe nasa da tawali'u, kada a raba zumunci a kansu, domin abin da duka suka yarda da shi ya fi girma, zai dawo a bayyane, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Ga kuma maƙwabtanmu Musulmi, su ma suna maganar dawowar Annabi Isa da fitowar Dujal, hira takan kai nan a shago ko a cikin mota, abin kunya ne a tambayi Kirista me littafinku ya ce ya kasa ba da amsa cikin ladabi da natsuwa.

Wasu a Tasalonika da suka ji ranar ta kusa sai suka bar aiki suna yawon gidajen mutane, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Bitrus kuma da ya gama bayanin narkewar sammai, tambayar da ya yi ita ce wane irin mutane ya kamata ku zama. Saboda haka mai nazarin annabci na gaskiya zai yi noma, ya sa yaransa makaranta, ya biya bashinsa.

Idan za ka fara, kada ka fara da Wahayi 13. Fara da Amos, babi 9 ne kawai, sai Mika, sai Habakuk mai babi 3, kana karantawa kana duba 2 Sarakuna don ka san sarkin da ke mulki da abin da ke faruwa a lokacin. Daga nan Ishaya 40 zuwa 55, sai Daniyel 1 zuwa 7, sai Matiyu 24 da 25 a zama ɗaya ba tare da yankewa ba, sannan wasiƙu bakwai na Wahayi 2 da 3 kafin sauran littafin. A kowane wuri ka tambayi kanka wa aka fara faɗa wa wannan, me suka fahimta, ya cika ko yana gaba. Kuma kada ka yi shi kai kaɗai da waya, ka yi tare da 'yan'uwa. Roƙona ga fastocinmu da dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa, a sa ko da ƙaramin annabi ɗaya a jadawalin nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako a wannan shekara, a bi shi aya aya, a bar mutane su yi tambaya har da masu wuya, Obadiya ma aya 21 ce gaba ɗaya, zama ɗaya ya ishe ta.